Jagorar Tsara Madogara da Manazarta a Muƙalar da Za a Aika wa Mujallar Kimiyya

Mai bincike a Zariya yakan shafe shekara guda ko biyu a gonar gwaji ta Samaru, ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko a ɗakunan majinyata na asibitin koyarwa da ke Shika, yana tattara bayanai cikin haƙuri, amma idan ya zo rubuta muƙalar da zai aika wa mujalla sai ya bar tsara manazarta har daren da zai tura aikin. Wannan ɗabi'a tana jawo asara, domin editoci da yawa sukan leƙa shafin manazarta tun kafin su karanta sakamakon binciken, kuma abin da suka tarar a can shi ne yake fara nuna musu ko marubucin mutum ne mai kula da aikinsa. Abubuwa biyu ne ake tsarawa, kuma kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Akwai madogara, wato 'yar alamar da ake sakawa a cikin jimla don nuna inda aka samo magana, akwai kuma manazarta, wato jerin cikakkun bayanan ayyukan da ake kawowa a ƙarshen muƙala. Aikinsu ɗaya ne: su kai mai karatu har inda maganar ta fito, ya gani da idonsa, ba tare da ya nemi marubucin ba. Mutanen Zazzau ba baƙi ba ne ga wannan al'ada, domin duk wanda ya zauna a zauren malami ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadinsa, kuma idan mai ruwaya ɗaya ya ɓace a tsakani, darajar maganar takan ragu komai daɗinta.

Mataki na farko shi ne a zaɓi mujallar da za a aika wa aikin kafin a taɓa tsarin manazarta. Kowace mujalla tana da shafin ƙa'idojin marubuta a intanet, kuma abin da ke wannan shafi shi ne hukunci, ko da ya saɓa da abin da aka koya a aji ko abin da sashe ya shimfiɗa don rubuta kundin digiri. Ɗalibai da yawa sukan ciro muƙala daga kundinsu na digiri na biyu ko na uku, su tura ta da tsarin kundin yadda yake, alhali mujallar wani tsari dabam take bi. A karanta ƙa'idojin da natsuwa, a rubuta amsar waɗannan tambayoyi a gefe: wane tsari ake so, marubuta nawa ake lissafawa kafin a taƙaita, ana gajarta sunayen mujallu ko ana rubuta su a cike, ana bukatar lambar DOI (wato adireshin dindindin na muƙala a intanet), kuma akwai iyakar yawan manazarta da aka yanka. Bayan haka a sauko da muƙaloli biyu ko uku da mujallar ta buga a bana, a ajiye su kusa, domin sau da yawa misalan da ke shafin ƙa'idoji ba su kai ga kowace matsala ba, amma muƙalar da aka riga aka buga tana nuna yadda ake yi a aikace. Wasu mujallu, ciki har da da yawa daga cikin na kamfanin Elsevier, suna karɓar kowane tsari a turawar farko muddin an bi shi bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan sauƙi ne, amma bai ɗauke wa marubuci nauyin kawo cikakkun bayanai ba.

Mataki na biyu shi ne a gane dangin da tsarin ya fito. Duk yawan sunayen da ake ji, gida biyu ne. Gida na farko shi ne na suna da shekara, inda ake rubuta sunan marubuci da shekarar bugu a cikin jimla, sannan a jera manazarta bisa tsarin abacada. A nan ne tsarin APA yake, wanda ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ke fitarwa, kuma bugunsa na bakwai ya fito a shekarar 2019. A nan kuma tsarin Harvard yake, sai dai a lura cewa Harvard ba shi da wata hukuma ɗaya da ke kula da shi, don haka kowace mujalla da irin nata, ta wajen waƙafi da aya da manyan baƙaƙe. Mujallun noma da na nazarin tsirrai da dabbobi sun fi karkata ga wannan gida. Gida na biyu shi ne na lamba, inda ake ba kowane aiki lamba bisa yadda ya fara bayyana a rubutun, sannan a jera manazarta daga 1 zuwa ƙarshe. Mafi shahara a nan shi ne tsarin Vancouver, wanda ya samo asali daga taron da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 1978, taron da ya haifar da kwamitin ƙasa da ƙasa na editocin mujallun likitanci da ake kira ICMJE. Likitoci da masana harhaɗa magunguna da likitocin dabbobi za su fi cin karo da shi. Injiniyoyi da masana kwamfuta kuwa tsarin IEEE, na ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ne nasu, wanda yake sa lamba a cikin baka mai kusurwa, ya kuma fara kawo haruffan farko na sunan marubuci kafin sunansa na ƙarshe.

Mataki na uku ya fi duk sauran muhimmanci a ganina, kuma lokacinsa ba lokacin rubutu ba ne, lokacin karatu ne. Duk aikin da aka karanta aka ga zai yi amfani, a rubuta cikakkun bayanansa nan take: sunayen marubuta duka bisa jerin da suka zo, shekara, take, sunan mujalla, juzu'i, fitowa, shafin farko da na ƙarshe, da lambar DOI idan akwai. Idan littafi ne a ƙara maɗaba'a da garin da aka buga da lambar bugu. Wanda ya je Laburaren Kashim Ibrahim ya ɗauki hoton shafuka uku na wani tsohon littafi da wayarsa, bai ɗauki bangon littafin da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu ba, bayan wata shida zai tarar da magana mai kyau a hannunsa wadda ba zai iya jingina ta ga kowa ba. Haka abin yake da tsofaffin rahotannin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da na cibiyar binciken dabbobi da ke Shika, waɗanda da yawansu ba sa intanet, kuma komawa neman su aiki ne na yini guda.

Hanya mafi sauƙi ta adana waɗannan bayanai ita ce amfani da manhajar tsara manazarta. Zotero kyauta ce, ta fara fitowa a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma tana aiki ko babu intanet da zarar an shigar da bayanan, abin da ke da amfani a garin da wuta da sabis ba su da tabbas. Mendeley ma kyauta ce, kamfanin Elsevier ya saye ta a 2013. EndNote ta kamfanin Clarivate ce, ita kam ana biyan kuɗi. Masana lissafi da fiziya da ke rubutu da manhajar tsara rubutu ta LaTeX sukan yi amfani da BibTeX wajen tsara manazarta. Kowace daga cikin ukun farko tana haɗuwa da Microsoft Word, ta yadda marubuci zai saka madogara da dannawa ɗaya, jerin manazarta kuma ya riƙa gina kansa a ƙasa, kuma idan mujalla ta ƙi muƙalar aka koma wata mai tsari dabam, sauya tsarin ba zai wuce minti ɗaya ba. Amma manhaja abin da aka zuba mata take fitarwa. Bayanan da ake jawowa daga Google Scholar sukan zo da giɓi: shafuka sun ɓace, an haɗa sunan marubuci da na cibiyarsa, ko an rubuta taken duka da manyan baƙaƙe. Saboda haka duk lokacin da aka shigar da sabon aiki, a buɗe ainihin muƙalar a gwada ta da abin da manhajar ta ɗauko, a gyara a cikin manhajar, ba a cikin takardar Word ba, domin gyaran da aka yi da hannu a cikin takarda yakan goge da zarar manhajar ta sabunta jerin.

Mataki na huɗu shi ne saka madogara a cikin rubutu. A tsarin APA, aikin mutum biyu yakan zo kamar haka a ƙarshen jimla: (Watson & Crick, 1953). Idan sunayen suna cikin jimlar kanta, shekarar kaɗai ake sawa a baka biyu. Daga marubuta uku zuwa sama, bugu na bakwai ya ce a rubuta sunan na farko a bi shi da et al., wato “da sauransu”, tun daga ambaton farko, kuma wannan ya bambanta da bugu na shida, wanda yake sa a lissafa marubuta uku zuwa biyar a karon farko. Har yanzu akwai masu bin tsohuwar ƙa'idar ba da saninsu ba. Ayar tana bayan al ne kawai, ba a sa ta bayan et. Idan marubuci ɗaya yana da ayyuka biyu a shekara ɗaya, sai a bambanta su da ƙananan haruffa, 2019a da 2019b, kuma harafin ya bayyana a cikin rubutu da kuma a manazarta. Idan an tara ayyuka da yawa a baka ɗaya, APA tana jera su bisa abacada, a raba su da waƙafi mai ruwa, yayin da mujallu da yawa masu bin Harvard suke jera su daga mafi tsufa zuwa sabo. Duk inda aka ɗauko kalmomin wani kai tsaye, dole a sa su a cikin alamar zance a kuma kawo lambar shafi, kuma a APA idan maganar ta kai kalma 40 sai a ware ta a sakin layi nata ba tare da alamar zance ba. A muƙalar kimiyya dai an fi son marubuci ya fahimci magana ya faɗe ta da bakinsa, ya jingina ta ga mai ita. Sauya kalma biyu ko uku a jimlar wani ba ya fitar da mutum daga satar fasaha.

A tsarin lamba abin da ake kiyayewa dabam ne. Aikin da aka fara ambata shi ne 1, na biye 2, kuma idan aka sake komawa ga aikin farko a shafi na goma, lambarsa tana nan 1, ba a ba shi sabuwa. Lambobin da ke jere ana haɗa su da karan ɗori, a ce 3-6, waɗanda ba sa jere kuma a raba su da waƙafi. Ko lambar za ta hau sama da layi ne, ko ta shiga baka, ko ta zo kafin aya ko bayanta, wannan mujallar ce za ta faɗa. Haɗarin wannan tsari shi ne idan aka yi shi da hannu, sannan mai duba aiki ya ce a mayar da wani sakin layi gaba ko a ƙara aiki ɗaya a gabatarwa, duk lambobin da ke biye sun tashi, kuma kuskure ɗaya ya isa ya jingina kowace magana ga wanda ba shi ya faɗe ta ba.

Wurin da aka sa madogara ma yana da ma'ana. Bai dace a rubuta sakin layi mai ɗauke da da'awa biyar sannan a tara ayyuka bakwai a ƙarshensa ba, domin mai karatu ba zai san wanne ne ya faɗi me ba. Kowace da'awa ta tafi da madogararta a gefenta. Abin da kowa ya sani, kamar cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ba ya bukatar madogara, amma duk wani adadi, ko hanyar gwaji da aka aro, ko sakamakon da ake kwatanta nasa da shi, yana bukata.

Mataki na biyar shi ne gina jerin manazarta, kuma misali ɗaya zai fi dogon bayani. Muƙalar da James Watson da Francis Crick suka buga a mujallar Nature a 1953 kan siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, a tsarin APA haka take:

Watson, J. D., & Crick, F. H. C. (1953). Molecular structure of nucleic acids: A structure for deoxyribose nucleic acid. Nature, 171(4356), 737–738. https://doi.org/10.1038/171737a0

A tsarin Vancouver kuma haka:

Watson JD, Crick FH. Molecular structure of nucleic acids: a structure for deoxyribose nucleic acid. Nature. 1953;171(4356):737-8.

Bayanan iri ɗaya ne, jerinsu da alamominsu ne suka bambanta. APA ta kawo shekara nan da nan bayan sunaye, ta sa aya bayan kowane harafin suna, kuma a takarda ana rubuta sunan mujalla da lambar juzu'i da rubutun tsutsa, wato karkatattun haruffa. Vancouver ta cire ayoyin, ta tsaya a haruffa biyu na farkon suna, ta kai shekara bayan sunan mujalla, ta kuma gajarta shafin ƙarshe, 737-8 maimakon 737–738. Wajen yawan marubuta, APA tana lissafa har 20, idan sun kai 21 sai a rubuta 19 na farko, a sa ɗigo uku, a rufe da na ƙarshe. A Vancouver abin da aka fi sabawa shi ne a lissafa shida na farko a bi su da et al., amma mujallu da dama sun rage zuwa uku. Mujallun da ke fitowa a intanet kaɗai, irin su PLOS ONE, ba su da lambar shafi irin ta da, suna ba kowace muƙala lamba tata, wadda a wasunsu take farawa da harafin e, kuma ita ake sawa a gurbin shafuka.

Sunayen mujallu a tsarin Vancouver gajarta su ake yi, kuma ba da ka ake gajartawar ba. Akwai kundin Laburaren Likitanci na Ƙasa na Amurka a intanet, inda ake rubuta cikakken sunan mujalla ya fito da gajeren da aka amince da shi, kamar yadda New England Journal of Medicine take komawa N Engl J Med. Mujallar da sunanta kalma ɗaya ce, irin su Nature da Science, ba a gajarta ta. A take kuwa, abin da ya fi damun masu binciken noma da likitanci shi ne sunayen halittu na Latin. Dole su zo da rubutun tsutsa, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami: Sorghum bicolor ga dawa, Vigna unguiculata ga wake, Striga hermonthica ga ƙudujin da ke kashe gonar dawa da masara, Plasmodium falciparum ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Manhajoji sukan ɓata waɗannan, kamar yadda sukan mayar da sunayen wurare irin su Zaria da Nigeria zuwa ƙananan baƙaƙe, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Lambar DOI ta cancanci kulawa ta musamman, domin ita ce adireshin muƙala da ba ya canzawa ko da mujallar ta sauya shafinta na intanet. Kowace tana farawa da 10, sannan aya, sannan lambar maɗaba'a, sannan lambar aikin. Ƙungiyar Crossref, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, ita ke rajistar yawancin na mujallu, kuma a shafinta ana iya neman DOI na aiki kyauta ta hanyar rubuta takensa. A kwafo lambar a liƙa, kada a buga ta da hannu, kada kuma a sa aya a ƙarshenta a tsarin APA. Wasu mujallun gida, har da wasu da ke dandalin AJOL mai tattara mujallun Afirka, tsofaffin fitowarsu ba su da DOI, kuma a irin wannan hali cikakken juzu'i da fitowa da shafi sun wadatar.

Akwai matsala ɗaya da ta fi shafar mu, wato ta sunaye. Waɗannan tsare-tsare an gina su ne bisa al'adar da kowane gida yake da sunan dangi tsayayye, alhali Bahaushe yana da sunan yanka, da sunan mahaifi, wani lokaci ya ƙara na kaka ko na gari ko na unguwa. A ƙaddara sunan marubuci Musa, sunan mahaifinsa Ibrahim, garinsu kuma Giwa. Yana iya fitowa a wata muƙala a matsayin Giwa MI, a wata Ibrahim M, a wata kuma Musa I, kuma rumbunan bayanai za su ɗauke shi mutum uku. Ƙa'idar mai kawo madogara ita ce ya rubuta sunan yadda ya fito a aikin da yake ambata, ko da ya san mutumin ido da ido ya kuma san ba haka ake kiransa a Samaru ba, domin da wannan sunan ne mai karatu zai same shi. Haka haruffa masu lanƙwasa: idan an buga Ɗanjuma da ɗ sai a bar shi haka, idan an buga shi da d kada a gyara. Laƙabi kamar Alhaji, Malam, Dakta ko Farfesa ba sa shiga manazarta. Shi kuma marubuci, don kansa, ya kamata ya tsayar da siffar suna ɗaya tun daga muƙalarsa ta farko, ya kuma buɗe lambar ORCID, wadda kyauta ce, mai alamomi 16, kuma tun 2012 ake bayar da ita don raba masu suna iri ɗaya. A wurin da Muhammad da Abdullahi da Abubakar suka cika kowane sashe, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Littafi yana bukatar marubuci, shekara, take, lambar bugu idan ba na farko ba ne, da maɗaba'a. APA ta bakwai ta daina neman garin da aka buga, Vancouver kuwa tana nema. Idan babi ne a littafin da mutane da yawa suka rubuta, marubucin babin ake fara kawowa, sannan editoci da sunan littafin da shafukan babin. Kundin digiri ana ambaton matakinsa da jami'ar da aka gabatar da shi, sai dai idan mai kundin ya riga ya buga sakamakon a mujalla, muƙalar ta fi cancanta a ambata. Rahoton hukuma kuwa hukumar ce marubuciya, kuma a nan akwai tarko a wajen shekara. Binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da kamfanin ICF na Amurka, rahotonsa ya fito ne a 2019, don haka 2018 tana cikin take, 2019 kuma ita ce shekarar madogara. Shafin intanet yana bukatar adireshi, kuma Vancouver tana neman ranar da aka duba shi. Muƙalar da aka ɗora a rumbuna irin su arXiv ko bioRxiv ko medRxiv kafin masana su tantance ta, dole a bayyana matsayinta, a kuma duba ko an buga ta a mujalla daga baya. Maganar da wani masani ya faɗa wa marubuci baki da baki ko a wasiƙa, a cikin rubutu kaɗai ake ambatonta tare da rana, ba ta shiga jerin manazarta, kuma mujallun likitanci sukan nemi rubutaccen izininsa. Hirarrakin da aka yi da manoma ko masu maganin gargajiya a matsayin ɓangaren bincike kuwa bayanan bincike ne, wurinsu sashen hanyoyin bincike da na sakamako, tare da ɓoye sunayensu bisa ƙa'idar kwamitin ɗa'a.

Mataki na shida ya shafi amana, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Kada a ambaci aikin da ba a karanta ba. Al'adar kwaso manazarta daga kundin wani ɗalibi da ya gabata tana yaɗa kuskure daga hannu zuwa hannu, har a wayi gari ana jingina wa marubuci maganar da bai taɓa yi ba, ko ana ambaton shafin da babu shi. Idan ainihin aikin ya gagara samuwa, a faɗi gaskiya cewa an same shi ne ta hannun wani, a sa wanda aka karanta ɗin a jerin manazarta. A kuma tabbatar ba a janye aikin ba. Muƙalar da Andrew Wakefield da abokan aikinsa suka buga a Lancet a 1998, wadda ta jawo zargin cewa wata allurar rigakafi tana da alaƙa da larurar otizim, mujallar ta janye ta a 2010, amma ba a daina ambatonta ba. PubMed, rumbun neman muƙalun likitanci a intanet, yana nuna alamar janyewa, Zotero ma tana gargaɗi da jan rubutu ta hanyar bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar muƙalun da aka janye. Sabuwar fitina kuma ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu hira da mutum, waɗanda sukan ƙago manazarta masu kama da gaskiya, da sunayen masana na haƙiƙa da sunan mujalla na haƙiƙa, alhali muƙalar ba ta taɓa wanzuwa ba. Duk abin da ya fito daga gare su sai an nemo shi an buɗe an karanta. Ambaton ayyukan kai ko na mai duba aiki halal ne idan suna da alaƙa da maganar, amma cusa su don ƙara yawan ambato abu ne da editoci suke ganewa, kuma idan mai tantancewa ya matsa a saka ayyukansa da ba su da nasaba da binciken, marubuci yana da damar ya bayyana wa edita cikin ladabi dalilin da ya sa bai saka ba.

Mataki na ƙarshe shi ne bita, kuma ya fi kyau a ware masa yini na kansa. A buga muƙalar a takarda, a ɗauki biro, a bi ta daga farko: duk madogarar da aka gani a rubutu a nemo ta a jerin manazarta a yi mata alama, a tabbatar harafin suna da shekara sun dace a wuraren biyu, har da waɗanda ke ƙarƙashin jadawali da hotuna. Idan an kai ƙarshe, duk abin da ya rage a jerin babu alama, ko dai a cire shi ko a nemo inda ya kamata a ambace shi. Sannan a danna kowace DOI a ga ta buɗe aikin da ake nufi. Wanda ya ba mai shagon kwamfuta aikin bugawa, ya san cewa mai bugun ba shi da ainihin muƙalolin a gabansa, don haka wannan bita ba ta wakiltuwa. Idan mujallar tana ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, a duba yadda ta ce a yi da ambaton ayyukan kai, domin jimla irin “a bincikenmu na baya” tana tona asiri. Kafin turawa a ajiye kwafi ɗaya mai haɗe da manhaja don gyaran gaba, a wani kwafin kuma a yanke haɗin, madogaran su koma rubutu zalla, shi za a aika.

Idan masu tantancewa suka dawo da gyara, a koma kan kwafin da ke haɗe da manhaja, a ƙara abin da za a ƙara, a sake bin jerin kamar yadda aka yi da farko. Bayan an karɓi muƙalar, maɗaba'a za ta aiko da samfurin bugu tare da tambayoyi, kuma da yawa daga cikinsu kan manazarta suke: shafin da ya ɓace, shekarar da ta saɓa, aikin da aka ce yana hanyar fitowa wanda yanzu ya fito yana bukatar juzu'i da shafi. Wa'adin amsawa yakan zama gajere, sau da yawa kwana biyu ko uku, don haka a riƙe ainihin muƙalolin da aka ambata a babban fayil ɗaya a kwamfuta, da kwafi a waya ko a filashi, yadda za a iya amsa kowace tambaya daga tushe ko da wuta ta ɗauke.